Jeren Goggo ƙauyanci ne, sai ranar da aka liƙa masa farashi

Waɗanda suka je walimar daren Juma'a sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba kuma na san labari ya riske ku tun kafin a kwashe farantai, don haka ba sai na maimaita ba. An yi abin kunya, kuma ba amarya kaɗai ta yi shi ba, har da mu da muka tsaya muna guɗa.

Goggo, kakar amarya, ta ɗauko kwanukan jerenta da ta taho da su daga Kano tun ba a haifi uwar amaryar ba. Kwanukan da suka tsallake rusau ɗin unguwannin Jidda na 2022, saboda ita da hannunta ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya a cikin tsofaffin zannuwa. Ta ce a kai wa jikarta. Sai mai shirya ɗaki, wadda aka biya kuɗi masu kauri, ta ɗaga murfin samira da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera, ta ce wai ba su shiga tsarin launin gidan ba. Aka mayar da su kwali aka tura bayan ƙofar kicin. Goggo ta gyara mayafinta ta ce, "Ba komai 'yan nan, zamani riga ne."

To madalla da tsarin launi! Mun shiga majalisin mun gani. Bango fari, kujeru ruwan toka, labule ruwan ƙasa, kai ka ce ɗakin jiran likitan haƙori ne. A kusurwa ga tumtum na fata guda biyu, wai na Maroko, kowanne riyal 600. A bango kuma faya-fayai bakwai aka kafe da ƙusa, manya da ƙanana, an yi odarsu ta intanet. Faifai fa! Irin wanda Goggo ke rufe fura da shi. Da na tambaya, amarya ta ce, "Anti, ai shi ake yayi, a gauraya tsoho da sabo, na gabas da na yamma."

Ke 'yar nan, wa ya riga kakarki gauraya gabas da yamma?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinta a unguwar Sabil kafin a rushe ya tuna. Kabad mai gilashi, samiru ƙirar China jere sahu-sahu, manya a ƙasa, suna ƙanƙancewa har sama, ja kusa da ja, mai fure kusa da mai fure. Tasoshin tagulla da take gogewa da toka da lemon tsami har sai ka ga fuskarka. Ƙorai masu zane daga gida. Dardumar Turkiyya a ƙasa, luru a kan gadon ƙarfe mai rumfa, agogon bango mai hoton Ka'aba, kaskon turaren wuta na 'yan Sudan a gefe. Ƙasashe nawa ke nan a ɗaki ɗaya? Kuma ba zube su aka yi ba. Wuni guda mata ke yi suna jere, a ɗora, a ja da baya a duba, a sauke, a sake. Idan murfi ɗaya ya karkace sai wata ta ce "bai zauna ba". Wannan idon da ke gane abin da ya zauna da wanda bai zauna ba, shi ne ake zuwa makaranta a biya kuɗi a koyo yanzu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kayanmu ba ya yin daraja a idonmu sai wani ya ɗauka ya canza masa suna ya liƙa masa farashi. Faifai a hannun Goggo ƙauyanci, faifai a shagon titin Tahliya fasaha. Ko ita fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato ce, majemanmu suka jeme, raƙuma suka ƙetare Sahara da ita, sunan tashar da ta bi ya maƙale mata. Yau ga jikar Bakanuwa tana alfahari da tumtum ɗin Maroko.

Ku dubi mutanen ƙasar nan ta Saudiyya da muke zaune a cikinsu. Zanen bango da matan yankin Asir ke yi a ɗakunansu, Ƙaɗɗul Asiri, aikin tsofaffin ƙauye ne kamar jerenmu. A 2017 UNESCO ta shigar da shi cikin kayan gadon duniya, yanzu kuwa a jikin abaya kake ganinsa, a kofin gahawa, a matasan kujera. Saƙar Sadu ta matan Badawiyyai ta bi sahu a 2020. Tsohon garin Jidda, Balad, da tagoginsa na katako da ake kira rawashin, tun 2014 yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. A 2023 suka fara makon nuna tufafi a Riyad, kuma a shekarar ce aka buɗe babban baje kolin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, ƙarƙashin rumfunan nan da iyayenmu suka sha kwana a kan jakunkunansu suna jiran jirgi. Na je. Ko Ahmed Mater, mai fasahar nan ɗan Saudiyya, da maganaɗisu baƙi da garin ƙarfe ya yi aikin da ya zagaya duniya, ɓurɓushin na kewaye shi tamkar masu ɗawafi. Babu wanda ya ce wa kakarsa ta tura kayanta bayan ƙofa. Sun ɗauko na tsofaffinsu sun wanke sun sa a gaba.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa. Wai gidajen haya ƙanana ne. Gidan da ya ɗauki talabijin mai faɗin ƙofar gareji ba zai rasa wurin samira shida ba. Wai suna tara ƙura. Faya-fayan bangon fa, mala'iku ke kaɗe su? Wai kowa da son ransa. Gaskiya ne, kuma da amarya ta ce ba ta son faifai ba ta son ƙwarya, da na ja bakina na yi shiru. Amma tana so. Ta biya kuɗi ta saya. Na kakarta ne kawai ba ta so. Masu cewa hassada nake yi kuwa, Allah ya ba ku lafiya.

Bari in sauke murya, don yarinyar nan a bayana na goya ta. Na san daga inda abin ya fito. Duk wanda ya tashi a nan ya san zafin kalmar Takari idan aka jefe ka da ita a makaranta ko a layin burodi. Mun girma muna ɓoye duk abin da zai nuna daga ina muke. Samarinmu ba sa yarda su sa babbar riga ranar Idi, ko da aska takwas ce da aka yi watanni ana ɗinka ta da allura, sai farin tobi kamar kowa. Ni kaina na taɓa ɓoye turmin Innata a banɗaki ranar da ƙawayena za su zo, kuma har yau idan na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ita ta gani, ba ta taɓa yi mini maganar ba har ta koma ga Allah. Amma ku rubuta ku ajiye, ranar da wani mai zanen tufafi ya ɗora aska takwas a ƙirjin abaya ya fito da ita a Riyad, mu ne za mu fara bin layi.

Kwalin yana wurina. Na ɗauko shi a daren, ban nemi izinin kowa ba. Samira 14, tasa 3, murfi ɗaya ya ɗan fashe a baki. Na kira kafinta zai kafa mini katako a bangon majalisi, kuma Goggo ce za ta zauna a kujera ta riƙa nuna mana inda kowanne zai zauna.

Af, tun da ana maganar kwanuka: baiwar Allahn da ta tafi da kulata mai ruwan goro, wadda na kawo sinasir a ciki, na ga lokacin da kika saka ta a leda. Ba na neman sinasir ɗin. Ki aiko yaro da kular kafin Laraba, har da murfin ciki.