Kafin ka tura wannan hoton zuwa guruf

Ƙannena maza da mata, akwai wasu hotuna da ba sa ƙarewa a wayoyinmu. Yau tumatir ne aka yanka aka ce ga sunan Allah a ciki, gobe gajimare ne ya yi siffar mai sujada, jibi wani ɗan duhu ne a bayan hoton biki aka zagaye shi da jan layi aka ce aljani ne. A ƙasa kuma a rubuta: in kai Musulmin ƙwarai ne ka tura wa mutum 10. Mu kuwa sai turawa, wani don ƙaunar addini, wani don tsoron kada alhaki ya hau kansa.

Wanda ya ce ya gani ba ƙarya yake ba, ya gani ɗin. Sai dai ido ɗauko haske kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncin mene ne, ita kuwa tana da gaggawa a kan fuska. A 1997 wata masaniya a Amurka, Nancy Kanwisher, da abokan aikinta suka nuna wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke motsawa sosai idan mutum ya ga fuska. Kafin daƙiƙa ɗaya ta yi ko da kwata, ya riga ya amsa. Tun 1975 aka gwada jarirai 'yan mintuna da haihuwa, aka ga sun fi bin zanen da ke da ido biyu da baki da kallo a kan zanen da aka hargitsa. Ɗigo biyu a sama, layi ɗaya a ƙasa, shi ke nan an gama. Shi ya sa gaban mota ke maka kama da mai fushi, soket ɗin bango kuma kamar mai mamaki. Ko birai an gwada su a 2017, su ma haka.

Wannan gaggawar rahama ce. Manomin da ya ɗauki kututture a matsayin kura da magariba, gudu kawai ya yi a banza aka yi masa dariya a gida. Wanda ya ɗauki kura a matsayin kututture kuwa, ba shi ne zai ba da labarin ba.

Matsalar tana farawa ne idan aka riga aka gaya maka abin da za ka gani. A wani bincike da Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokansa suka wallafa a 2014, an nuna wa mutane hotunan da babu komai a cikinsu sai dishi-dishi, aka ce musu rabinsu na ɗauke da fuska. Kusan sau ɗaya cikin uku sai su ce sun ga fuskar. To ka duba yadda hotunan nan ke zuwar mana: rubutun da ke sama ka fara karantawa, jan layin ya nuna maka inda za ka kalla, sannan ka kalla. An riga an gama da kai.

Kuma kowa abin da ya sani yake gani. A 2008 BBC ta ba da labarin yadda jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wani gidan abinci a Birnin Kebbi don ganin tsokar nama da aka ce tana ɗauke da sunan Allah. Shekara 4 kafin nan, a Amurka, an sayar da wani gasasshen burodi a intanet kan dala 28,000 saboda an ce fuskar Nana Maryam ce ta bayyana a jikinsa. Su ma da yaƙini suke faɗa, kamar yadda muke faɗa. Idan jijiyar nama ce hujjarka, me za ka ce wa mai burodi? Ku lura kuma, sunan Allah a rubutun Larabci tsayayyun layuka uku ne da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Jijiyoyin nama, tsagin kankana da ɓawon itace cike suke da irin waɗannan layuka. A cikin miliyoyin tumatir da ake yankawa kullum, abin mamakin shi ne a ce ba a taɓa samun mai kama da haka ba.

Hatta hotunan sararin samaniya abin ya gifta ta kansu. A watan Yulin 1976 kumbon Viking 1 na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauko hoton wani wuri a duniyar Mars mai kama da fuskar mutum, mutane suka shafe fiye da shekara 20 suna cewa wasu halittu ne suka sassaƙa ta. Da wani kumbon ya koma da kyamara mai kyau a 1998 da 2001, sai ga tsauni kawai. Inuwa ce ta yi masa ido da baki.

Ni abin da ya fi damuna shi ne raina wa addini da muke yi ba mu sani ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Dama ce ta ɗaukaka Annabi a idon jama'a, amma bai karɓa ba. Ya tashi ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Shi da kansa ya ƙi a jingina masa alamar da ba tasa ba, mu ne za mu zo mu kafa hujja da hoton da ba mu san wanda ya ɗauka ba? Balle yanzu da yaro zai zauna da waya ya sa manhaja ta ƙera masa gajimare mai kowace irin siffa cikin minti ɗaya, don kawai shafinsa na Facebook ko TikTok ya tara mabiya. Duk wanda imaninsa ya rataya a kan irin wannan, ranar da aka fallasa hoton har da imanin ake girgizawa.

Ɓangaren tsoro ma ba wasa ba ne. Rigar da aka rataye a ƙusa takan zama mutum a tsaye da tsakar dare, musamman ga wanda ya kwana da labarin aljanu a kunne. In abin ya tsaya a nan da sauƙi. Amma sai a ce fuskar da aka gani a bango ta yi kama da ta tsohuwar nan ta maƙwabta, daga nan sai zancen maita, sai a ƙaurace wa baiwar Allah, wani lokaci har a kai ga duka.

Don haka idan irin hoton ya shigo, ka rufe rubutun da yatsa, ka juya wayar sama ta koma ƙasa, ka sake kallo. Ka nuna wa wani ba tare da ka ce masa komai ba, ka tambaye shi me ya gani. Ka nemi sanin wa ya ɗauka, a wane gari, yaushe, akwai wani hoton daga wata kusurwa? In da dare ne kuma a ɗakinka, ka yi addu'arka ka kunna fitila kafin ka tashi mutanen gida.