Ku Raɗa wa Takardar Jin Ra'ayi Sunan da Za a Amsa

Ƙannena masu sana'a a Kaduna, telolin Kasuwar Barci, masu sayar da abinci ta WhatsApp a Unguwar Rimi, da masu kai saƙo a babur daga Kawo har Barnawa, akwai wani sakaci da ke damuna. Mutum zai zauna ya tsara tambayoyi a Google Forms, manhajar haɗa takardar tambayoyi ta intanet, don jin ra'ayin abokan cinikinsa, ya ƙona data da lokaci, amma da an zo kan suna sai ya bar takardar da wanda manhajar ta zo da shi, ko ya kwaso wani dogon Turanci ya liƙa. Bayan kwana biyu ya dawo yana ƙorafi wai mutane ba sa amsawa.

Haba jama'a! Mu da ake yanka rago ranar bakwai saboda suna, mu ne za mu raina shi a wurin neman abinci? Iyayenmu sun ce suna linzami ne. Idan ka tura takardar nan a WhatsApp, sunan ne ke fara bayyana, kuma a kansa Hajiya za ta yanke ko ta taɓa ko ta wuce. Kada ku ga laifinta. 'Yan damfara sun cika wayoyin mutane da saƙonnin tallafin ƙarya da data kyauta, an sha kwashe wa bayin Allah kuɗi. Saƙon da bai yi sallama ba, bai faɗi daga ina yake ba, wa zai buɗe masa ƙofa?

Saboda haka ka fara da sunan da aka san shagonka da shi a unguwa, wanda ke kan allo da leda. Sai ka faɗi abin da kake tambaya a kai, da bakin da kake ciniki da shi. Tela ya rubuta: "Yaya ɗinkin Sallah ya yi miki?" Mai abinci ta ce: "Shinkafar jiya ta iso da zafinta?" Wannan magana ce ta mutum da mutum. Idan abokan cinikinka na Sabon Tasha ko Kakuri sun fi sakewa da Turanci, yi musu tasu daban, ba faɗuwa ba ce.

Inda na fi so ku ji ni shi ne gaskiya. Kada ka rubuta "minti ɗaya" alhali tambayoyi ashirin ne a ciki. Kada ka sa "cika ka ci kyauta" in ba ka tanadi komai ba. Yaudara ce, kuma wanda ka yaudara sau ɗaya ba zai sake buɗe saƙonka ba. Haka nan sunan da ke roƙon yabo, irin "Faɗa mana yadda muka burge ka". Ka san mutanenmu da kara, za su yabe ka su koma shagon maƙwabcinka, kai kuma ba ka ji cewa zif ɗin ya ɓalle tun ranar Idi ba. "Ina muka gaza?" ya fi kawo maka abin gyara.

Kafin ka tura, karanta wa mahaifiyarka sunan, ko wani tsohon kwastoma da ba ya jin nauyinka. In ya ce "Wannan kuma na mene ne?", koma ka sake.