Mai bishara ya fara koyon harshen mutane

Na karanta wani rahoto kan masu bishara da ake turawa ƙauyuka da tafinta, kuma gaskiya abin ya tsaya mini a rai. Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglican, sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya zauna da Hausawan can yana koyon Hausa kafin ya iso ƙasar nan a 1900. Shekaru sama da talatin aka yi ana aikin koyon harshe da fassara kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Wannan haƙuri ai ƙauna ce.

Yau mu ma da muke wa'azi da Hausa muna shiga ƙasar Tangale ko ta Ngas mu ɗauka kowa na jin mu. Tsohuwar da ɗanta ya rasu, idan ka zauna a tabarmarta ka yi mata gaisuwa da harshen da ta sha a nono, kai ma za ka ga yadda fuskarta ke sakewa. Tafinta ba ya iya ɗaukar wannan.

Don Allah shugabannin ikkilisiya, ku ware wa kowane ma'aikaci watanninsa na farko don koyon harshe, kuma a biya masu koyar da shi.