Da Ɗumi-Ɗumi, Amma Ɗanye

Tun da asuba ake ta turo mini hoton wani rubutu, kowa yana tambayata ko na gani. Na gani. Wani bawan Allah ne ya rubuta cewa akwai masu kiran kansu marubutan fasaha waɗanda ba sa kawo labari sai ya kwana ya huce, kuma wai baƙin ciki ne yake sa su bin bayan masu tashe suna yi musu gyara. Bai kama suna ba, don haka ni ma ba zan kama ba, tunda duk wanda ya daɗe tare da mu ya san wanda ake nufi, ya kuma san inda aka faro.

Laifin da na yi shekaranjiya shi ne na rubuta cewa wasan bidiyon nan na GTA VI bai fito ba, kuma babu shi a wayar Android, saboda haka duk wanda ya ba ka hanyar saukewa a waya, ko dai an yaudare shi ko kuma kai yake son yaudara. Wannan ba ra'ayina ba ne. Kamfanin Rockstar Games, mai haɗa wasan, ya saki tallansa na farko a Disambar 2023 ya ce zai fito a 2025, daga baya ya ɗage zuwa 26 ga Mayu 2026, sannan ya sake ɗagewa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Na'urorin da ya ambata su ne PlayStation 5 da Xbox Series X da S. Ko kwamfuta bai ambata ba, balle waya. GTA V ma da ya fito a Satumbar 2013, sai a Afrilun 2015 masu kwamfuta suka same shi. To, ta yaya wasan da masu shi ba su gama haɗawa ba zai iso wayar wani yaro a lungunmu cikin ɗan fayil da ake saukewa kafin a gama shan shayi? Abin da na tambaya ke nan, ban ambaci kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mutumin nan abin alfaharinsa guda ɗaya ne, wato yana riga kowa. Duk rubutunsa da "Da ɗumi-ɗumi" yake farawa, da manyan baƙaƙe da jan hoto. Ban musa ba, da ɗuminsa yake kawowa, sai dai ɗanye ne. Yakan sauke tukunya tun ruwa bai tafasa ba, ya zuba wa jama'a, cikinsu ya ɓaci, shi kuma yana gefe yana ƙirga masu danna alamar so.

Ku tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, lokacin da intanet ta yi ƙasa a Najeriya, manhajojin banki suka ƙi buɗewa, masu POS suka zauna da injinansu suna kallon mutane sun yi cirko-cirko da kati a hannu ana neman kuɗin cefanen buɗa-baki. Kafin a ce me, gwanin namu ya riga ya sanar da duniya cewa gwamnati ce ta rufe intanet, har da cewa majiya mai tushe ce ta shaida masa. Abin da ya faru kuwa, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku ne suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, wajajen Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Shi ya sa abin bai tsaya a kanmu ba, ya haɗa da Ghana da Laberiya da Benin da ita Kwaddibuwar kanta, kuma ba na jin akwai wani ofishi a Abuja da ke da makunnin da zai kashe wa mutanen Monrobiya intanet. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin teku, kuma gyara irin wannan sai an tura jirgin ruwa na musamman ya lalubo wayar, ya ɗago ta, a haɗa ta, a mayar, aikin da ke cin makonni. Kafin nan sai kamfanonin sadarwa su karkatar da zirga-zirga zuwa wasu wayoyin da suka tsira, shi ya sa intanet ɗin ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wancan karon shi ne ya san inda ke wa mutane ciwo, can ya taɓa. Jama'a ba su manta an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba, kuma mutanen Zamfara ba su manta an katse musu layukan waya a Satumbar 2021 ba. Duk wanda ya ce wa irin waɗannan mutane an sake rufewa, nan take za su yarda, hankalinsu ya tashi, su shiga neman 'yan uwa. Da gaskiya ta bayyana, bai ba kowa haƙuri ba, sai ya goge rubutun cikin dare, gari ya waye yana ba mu darasi a kan wayoyin ƙarƙashin teku kamar shi ya shimfiɗa su. Da ɗumi-ɗumi, amma ɗanye.

Sauran kuwa ba su ma cancanci dogon bayani ba. Da kumbon Indiya mai suna Chandrayaan-3 ya sauka kusa da kudancin duniyar wata a ranar 23 ga Agusta 2023, sai ya taya 'yan sama-jannatin Indiya murna, alhali babu ko mutum ɗaya a ciki, na'ura ce da 'yar motar bincike, kuma rabon ɗan'adam da taka wata tun Disambar 1972. Da kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA, wasan bidiyonsa na ƙwallo da aka sani da FIFA ya koma EA Sports FC 24, shi FIFA 24 ya yi ta tallatawa, har yaran gidan gem suna yi masa dariya a ƙasan rubutun. Da hannun jarin Nvidia, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ƙirƙirarriyar basira (AI), ya faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari a ranar 27 ga Janairu 2025 saboda fitowar DeepSeek, manhajar AI ta China, sai ya rubuta cewa kamfanin ya karye. Wanda bai san bambancin faɗuwar darajar hannun jari da karyewar kamfani ba, shi ne yau yake raba wa mutane takardar shaidar iya rubutu.

Wai baƙin ciki nake yi. Baƙin cikin me, don Allah? Kai ne fa kake turo mini saƙo da tsakar dare kana cewa, "Yaya, don Allah mene ne bambancin RAM da ma'ajiyar waya?" Na ajiye barcina na yi maka bayani, ban taɓa goranta maka ba sai yau da ka ja ni. Ni na shigar da kai zauren da ka samu mabiyanka na farko, ni na nuna maka inda kamfanoni suke wallafa sanarwarsu da kansu don ka daina dogaro da hotunan da ake yaɗawa a WhatsApp. Ka kwafe rubutuna a kan shigowar Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, Najeriya a Janairun 2023 daga farko har ƙarshe, har da inda na ce "kamar yadda na bayyana a makon jiya", alhali kai a makon jiyan ba ka bayyana komai ba. Na yi shiru saboda ina ganin ƙanena ne kai. To, ƙane, yau girman ya ƙare.

Gaskiya ne ina jinkiri, kuma zan ci gaba da jinkirin. Idan labari ya zo, sai na nemi sanarwar daga bakin masu ita, na karanta har ƙasa, na duba kwanan wata, domin sau da yawa abin da ake yayatawa a matsayin sabo tsohon labari ne aka sake wa hoto. Wannan yana cin lokaci da data, kuma babu mai biyana ko sisi. Ina yi ne saboda yawancin masu karanta mu a Hausa ba za su je su bi diddigin abin da aka rubuta da Turanci ba, amana suka ba mu. Kai kuma kanun labari kawai kake karantawa, ka fassara shi a gurguje, ka liƙa jan hoto, ka kawo da ɗumi-ɗumi, ɗanye sharaf, sannan ka ce mai dafawa ne yake maka hassada.

A kasuwar waya na ga wani yaro ɗan sakandare tsaye gaban mai gyara, wayarsa tana ta buɗe tallace-tallace da kanta ko ba a taɓa ta ba, batirin ya yi zafi kamar zai fashe. Mai gyaran ya nuna mini manhajar da ya sauke da sunan GTA VI, wadda ta nemi izinin karanta saƙonnin waya kuma yaron ya ba ta, alhali ta nan ne lambobin sirri na banki suke shigowa, layin kuma na mahaifiyarsa ne. Sai da aka wanke wayar gaba ɗaya, hotunansa da takardun makarantarsa suka tafi. Na tambaye shi inda ya samo hanyar saukewar, ya faɗa mini, ban kuwa yi mamaki ba.

Hanyar tana nan a shafinka har yanzu, na duba kafin na fara wannan rubutu, kuma yara suna ta tambaya a ƙasa me ya sa wasan ya ƙi buɗewa. Zage ni yadda ka ga dama, amma ka cire ta kafin la'asar. Idan ba ka cire ba, duk rubuce-rubucen da ka goge ina da hotunansu da kwanan watansu, kuma wannan karon ba zan yanke sunan da ke sama ba.