"Me ta yi aka sake ta?"

Makon jiya aka sa ni binciken aure. Ƙanin wani abokina ne ke neman wata bazawara a unguwarmu, sai babban wansu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah ka bincika mana, me ta yi aka sake ta?"

Ku dubi tambayar nan da kyau. Bai ce me ya raba auren ba. An riga an gama shari'a, ita ce mai laifi, ni dai nawa in nemo sunan laifin. Kuma duk maƙwabcin da ka tunkara da irin wannan tambaya sai ya lalubo maka amsa, ko don ya fita kunya: wai bakinta ba ya mutuwa, wai ba ta ganin girman uwar miji. Wanda ya ce bai san ta da komai ba, a ce rufa mata asiri yake yi.

Shi kuwa manemin, mata biyu ya saka cikin shekara huɗu. Na tabbata abin da danginta za su tambaya bai wuce yana da sana'a ba, gidan kansa ne ko haya, ana ganinsa a masallaci? Waɗancan biyun, ba mai zuwa jin ta bakinsu.

Haka yarinyar da ta yi jami'a, tambayar farko ita ce ko a ɗakin kwanan ɗalibai ta zauna. Ma'aikaciyar jinya kuma, tana kwanan asibiti? Tambayar da za ta ceci 'ya'ya daga sikila kuwa, da yawanmu ba mu yi ta ba sai da Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024.

Abin da ke ba ni mamaki, muna karanta hadisin Fadimatu 'yar Ƙaisu a Sahihu Muslim. Sakakkiya ce, Mu'awiya da Abu Jahm suka fito nemanta, ta je wajen Manzon Allah (SAW) neman shawara. Halin mazan ya faɗa mata: Abu Jahm ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, Mu'awiya kuma ba shi da dukiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu.

Na karanta wa wan nasu hadisin, na ce zan yi binciken, amma da sharaɗin in kai wa mahaifin bazawarar labarin ƙanin nasa shi ma. Har yau bai sake kirana ba.