Kafin ka ɗora hoton kuturu, ka san sunansa?

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuka riƙe waya kuka ce ku 'yan jarida ne, ko masu fafutuka, ko masu shafin taimakon marasa galihu. Yau da ku nake. Sai dai zan bi ta wata ƙasa mai nisa kafin in iso ƙofar gidanku, don haka ku yi haƙuri da ni.

A ƙarshen shekarun 1920, wani ɗan jarida a Bukarest, babban birnin Romaniya, ya bar teburinsa ya nufi wani ƙauye mai suna Lărgeanca, kusa da garin Ismail a yankin kogin Danub, wurin da yau yake cikin ƙasar Yukren. A can hukuma ta tara kutare, ta juya musu baya. Sunan ɗan jaridar Filip Brunea-Fox, kuma tare da shi akwai mai ɗaukar hoto Iosif Berman. Ba leƙawa suka yi suka juyo ba. Kwana biyar ya yi a cikinsu, kuma da wannan kwana biyar ɗin ya sa wa littafin da ya fitar a 1928 suna.

Ku tsaya ku auna abin da wannan tafiya take nufi a lokacin. Tun 1873 wani likita ɗan Nowe, Hansen, ya gano ƙwayar cutar kuturta, amma magani mai aiki bai samu ba sai a shekarun 1940. Kafin nan abin da ake da shi wani man itace ne da ake sha ko a yi allurarsa, wanda ya fi wahalar da mara lafiya a kan warkar da shi. Yau mun san kuturta ba ta saurin kama mutum, kuma jikin mafi yawan mutane yana iya kare kansa daga gare ta. Jama'ar wancan zamani tsoronta suke yi ƙwarai. Wanda ya shiga cikin kutare ya zauna, ya yi hira da su ido da ido, a ganin mutane ya sayar da ransa ne. Brunea-Fox ya shiga, ya rubuta yadda aka yasar da su ba kulawar kirki, rahotannin suka tayar da ƙura a ƙasar. Bayan haka ne aka mayar da marasa lafiyar zuwa Tichilești, a gundumar Tulcea, inda aka yi musu asibiti. Wurin ya daɗe ana kiransa ɗaya daga cikin matsugunan kutare na ƙarshe a Turai.

Yanzu mu dawo gida. Ka tsaya a bakin danja da yamma a kowane babban gari namu, za ka iya ganin abin da zan faɗa. Matashi ya sauko daga mota, abokinsa na biye da shi da waya a ɗage. Ya nufi wani dattijo kuturu da ke zaune a gefen titi da ƙwaryarsa. Ya zaro naira dubu, ya riƙe ta sama yadda kyamara za ta gani sosai, ya ce, "Baba, ga wannan, yi mana addu'a." Dattijon ya haɗa dungulmin hannayensa biyu ya karɓa, yana ta sa albarka. Mai wayar ya matso har sai da hannayen suka cika fuskar waya. Minti biyu ba a yi ba sun koma mota. Da daddare bidiyon yana Facebook da TikTok, an sa masa sauti mai sa kuka, ga lambar akawun a ƙasa. Babu wanda ya tambayi dattijon sunansa, ko garinsu, ko yaushe ciwon ya same shi, ko ya taɓa shan magani, ko yana da 'ya'ya da za su ga hoton ubansu yana yawo a wayoyin abokan karatunsu. Ba a ma tambaye shi ko ya yarda a ɗauke shi ba.

Ga abin da ya fi ba ni takaici. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da kuturta cikin wata shida zuwa shekara ɗaya, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da shi. Har yau ana samun sababbin masu cutar a Najeriya kowace shekara, da yawansu ba sa zuwa asibiti sai yatsu sun fara lalacewa, saboda ba su san tabon da ba ya jin taɓawa alama ce ba, ko kuma kunya ta hana su. Wannan labari ne da zai ceci hannun wani yaro. Matashin da ya ɗauki bidiyon bai san shi ba, don bai zauna ba balle ya tambaya.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mu da Bayahuden Romaniya da ya mutu tun 1977? Eh, Bayahude ne, an haife shi a garin Roman a 1898, sunansa na yanka Filip Brauner. Amma abin da ya aikata mu aka fara yi wa umarni da shi. Aya ta shida a Suratul Hujurat ta ce mu bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Hadisi kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Mu da muka haddace waɗannan, mu ne kuma gwanayen "kamar yadda na samu" da "a tura wa kowa". Idan wani can ya aikata abin da muke karantawa ba mu aikatawa, abin kunyar namu ne.

Brunea-Fox bai fara da aikin jarida irin wannan ba. A ƙuruciyarsa yana cikin matasan marubuta masu neman karya tsohon salon waƙa da zane, har yana cikin waɗanda suka tafiyar da mujallar Integral da ta fara fita a 1925. Daga nan ya koma jaridun Dimineața da Adevărul, manyan jaridun Bukarest na lokacin, ya yi ta yawo: unguwannin talakawa na bayan gari, tashoshin jiragen ruwa, ƙauyukan yankin Maramureș da talauci ya yi wa katutu. Mutanen ƙasarsa suka yi masa laƙabi da yariman masu rahoto. Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Jarida kasuwanci ce, kuma hoton kuturu yana sayar da jarida a 1928 kamar yadda yake jawo mabiya a yau. Bambancin shi ne, da mai karatu ya gama kallon hoton, akwai rubutu a gefensa da ke gaya masa su wane ne waɗannan mutane, yaya aka yi suka zo nan, kuma wa ya kamata a tuhuma.

Abokin tafiyarsa Berman shi ne ya haɗa wannan labari da wani aiki da ya fi shi girma. Shi ne kuma mai ɗaukar hoton ayarin wani malamin jami'a, Dimitrie Gusti, masanin zamantakewar al'umma. Ƙidayar 1930 ta nuna Romaniya na da mutum miliyan 18, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙauye suke. 'Yan boko na birni kullum suna rubutu a kan "manomi", wasu su yabe shi, wasu su raina shi, amma kaɗan ne suka taɓa kwana a ɗakinsa. Gusti ya ce a daina haka. Daga 1925 ya fara kwasar ɗalibai da malamai lokacin hutu zuwa ƙauye guda, su tare a can na makonni. Goicea Mare a 1925, Nerej a 1927, Drăguș a 1929, Cornova a 1931, da wasu a tsakani. A Drăguș sun haura mutum 80.

Ku ji yadda suke aikin. Likita yana duba lafiyar mutane yana rubuta abin da suke ci. Wani yana bin gida gida yana tambayar gona nawa ce, shanu nawa, masara nawa aka girbe, nawa aka ci, nawa aka sayar, bashi nawa ne a wuya kuma wa ake biya. Masanin kiɗa Constantin Brăiloiu yana zaune da tsofaffin mata yana naɗar waƙoƙin biki da na makoki a na'ura. Da yamma duk su taru a ɗaki ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya samo, a tsitsiye shi da tambayoyi. Wanda ya ce "mutanen ƙauyen nan suna yin kaza", sai a ce masa mutum nawa, wane gida, wa ya gaya maka. A Nerej, cikin duwatsun Vrancea, wani matashin lauya Henri H. Stahl ya tarar da dazuzzuka da wuraren kiwo da ba na mutum ɗaya ba ne, na ƙauyen ne baki ɗaya, ga kuma kamfanonin katako suna ta sayen haƙƙin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta komawa wurin, sai a 1939 ya fitar da bincikensa cikin juzu'i uku. Shekara 12 a kan ƙauye ɗaya. Kai kuma ka bi ta wani ƙauye a mota, gilashi a rufe, ka dawo ka rubuta dogon sharhi a kan dalilin rikicin manoma da makiyaya.

Shi ma aikin Gusti bai rasa abin suka ba. Ya jingina da fadar Sarki Carol na biyu, kuma a 1938 aka mai da zuwa ƙauye dole ga masu kammala karatu, dokar da ba ta wuce 1939 ba. Wannan wani zance ne daban.

Sai zamani ya juya. A ƙarshen Disamba 1937 gwamnatin Octavian Goga mai ƙin Yahudawa ta hau, cikin kwanaki ta rufe Dimineața da Adevărul. Gwamnatin ba ta cika wata biyu ba, amma dokar da ta kafa ta raba Yahudawa sama da 200,000 da takardar zama 'yan ƙasa. Berman, wanda hotunansa suka fita har a jaridun Amurka, aka hana shi sana'arsa, ya mutu a 1941. A watan Janairun wannan shekara, daga ranar 21 zuwa 23, 'yan Iron Guard, wata ƙungiyar siyasa mai tsananin ƙin Yahudawa, suka yi tawaye a Bukarest, suka afka wa unguwannin Yahudawa, suka ƙona wuraren ibada, suka wawashe shaguna, suka kashe mutum sama da 120. Wasu an harbe su a dajin Jilava, wasu an tsinci gawarwakinsu a kwatar birnin. Brunea-Fox ba shi da jaridar da zai kai wa rahoto, kuma shi kansa yana cikin waɗanda ake farauta. Duk da haka ya riƙa rubuta abin da ya gani da abin da ya jiyo daga bakin waɗanda abin ya shafa, ya adana, har aka buga shi a 1944 bayan faɗuwar gwamnatin Antonescu, sojan da ya mulki ƙasar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna muku. Mutumin da ya iya riƙe alƙalami a irin waɗannan kwanaki uku, ba a ranar ya koya ba. Ya saba tun lokacin zaman lafiya da zuwa wuri da ƙafarsa, da rubuta rana da wuri da sunan mai magana. Mu ma muna da kwanakin da za a zo ana tambayar me ya faru a cikinsu: ƙauyukan da aka tasa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sansanonin 'yan gudun hijira a Borno da Diffa. Idan jikokinmu suka nemi shaida, me za su tarar? Hoton gawarwaki da aka ɗauko daga wata ƙasa aka liƙa wa sunan garinmu, da adadin da kowa ya ƙara wa sifili gwargwadon fushinsa. Irin wannan ba ya tsayawa a gaban alƙali, ba ya tsayawa a gaban tarihi, kuma mai laifi shi ya fi kowa murna da shi, domin ƙarya ɗaya da aka kama ta ishe shi ya musanta gaskiya goma.

Ban ce ka shiga dajin 'yan bindiga ba. Ranka amana ne, kuma wannan aiki yana da tsada ko a birni. Anton Golopenția, ɗalibin Gusti wanda ya shugabanci hukumar ƙididdiga ta Romaniya, 'yan kwaminis sun kama shi a 1950, ya mutu a kurkukun Văcărești a 1951 yana ɗan shekara 42, kuma tun 1948 aka cire fannin nazarin al'umma daga jami'o'in ƙasar. Na san da haka nake magana. Amma waɗanda suka gudo daga daji suna nan a kangon da ke bayan layinku. Matar da ke wankau a gidanku wataƙila daga can ta fito. Ka yi sallama da mai unguwa, ka je ba tare da ɗaga waya ba a ranar farko. Ka zauna inda suka zauna. Ka tambayi sunan ƙauyen, ranar da aka zo, mutum nawa ne a gidan kafin nan, nawa suka iso. Ka tambayi mutum na biyu da na uku a keɓe, ka ga ko maganar ta zo ɗaya. Abin da ka gani da idonka ka rubuta shi daban da abin da aka gaya maka. Idan faɗin suna zai jawo wa mutum bala'i, ka ɓoye shi a littafinka, kada ka sa a shafi.

Ke kuma 'yar'uwa, akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba har abada, kuma rabin labarin yana can ciki. A ayarin Gusti akwai mata irin su Ștefania Cristescu, waɗanda suka zauna da matan ƙauye suka rubuta abin da mazan ayarin ba za su taɓa ji ba. Mai jego da ta haihu a hanya ba za ta buɗe baki ga saurayi mai kyamara ba, amma ke za ta gaya miki, in kin zo da sallama kin zauna a tabarma.

Hoto kuwa, sai ka nemi izini, ka gaya wa mutum inda za a sa shi da waɗanda za su gani. In ya ce a'a, ka mai da wayarka aljihu, ka ci gaba da saurarensa. In kuma ka tara kuɗi da sunansa, ka dawo ka nuna masa lissafin, shi da waɗanda suka bayar.