Hawayen da na zubar a bangon da ba shi ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗora mini wannan ciwo. Mai gyaran rediyo ne a Fagge, Allah ya jiƙansa, kuma duk rakodar da aka kawo masa da kaset ɗaya yake gwada ta: na Rail Band, makaɗan Bamako. Ko kalma ɗaya ta Bambaranci ba ya ji, amma da jita ta fara kuka sai ya ajiye sukudireba ya lumshe ido, mai rediyo kuwa ya yi ta tsayuwa.

Daga bakinsa na haddace tarihin kamar karatun allo. A 1970 hukumar jirgin ƙasa ta Mali ta kafa ƙungiyar don ta riƙa yi wa baƙi wasa a masaukin da ke jikin tashar jirgin Bamako, wato Buffet Hôtel de la Gare. Albashi suke ɗauka, tamkar mai yankan tikiti. Tidiani Koné mai busa ne ya haɗa su, ya jawo wani saurayi zabiya, Salif Keita, ɗan babban gida wanda danginsa ke ganin waƙa aikin maroƙa ne, ba nasu ba. A 1973 Salif ya koma wajen kishiyoyinsu, Les Ambassadeurs, sai Mory Kanté ɗan Gini ya gaji makirufo. Jitar da ke sa Kawu lumshe ido kuwa ta Djelimady Tounkara ce.

Don haka ran da Alhajin da nake yi wa aiki a Kantin Kwari ya ce in raka shi Bamako saro shadda, ba shaddar na hango ba. Nan take na sanar a zaurenmu na WhatsApp, na masoya tsofaffin faya-fayai, cewa zan taka inda Salif ya taka. Dattawan zauren suka yi ta sa mini albarka kamar mai tafiya Makka.

Muka bi mota ta Yamai da Wagadugu, muka sauka wajen ƙarfe biyun dare, ƙafa a kumbure, ido ba ya gani. Wani dillali ya kwashe mu zuwa masauki kusa da babbar kasuwa. A rana ta uku Alhaji ya ba ni hutun safe, da sharaɗin in dawo kafin la'asar mu je wajen matan da ke rina mana kaya.

Faransancina duka kalma biyu ne. Na tare tasi na faɗi ta farko, mai nufin tasha: "Lagar!" Direba ya yi wata doguwar tambaya yana nuna gabas da yamma. Na ba shi kalma ta biyu: "Wi, wi." Bawan Allah ya kaɗa kai ya ja mota. Muka hau gada muka haye Kogin Kwara, ina ta yaba faɗin ruwa, ban tsaya na tambayi kaina me ya kai tashar tsakiyar gari hayin kogi ba.

Ya sauke ni a wani fili mai hayaniya: manyan motocin safa, korayen ƙananan bas da suke kira sotarama, masu dako, warin gas. Jirgi dai ban gani ba, amma na ce ai dama an ce na Dakar ya daɗe da daina zuwa. Ina waige-waige sai ga wani tsohon gini, fentinsa ya ɓaɓɓare, a jikin allonsa akwai kalmar nan tawa, ga kuma wani dogon dakalin siminti a gaba. Gabana ya faɗi. Dandamalin ke nan!

Jama'a, na cire hula. Na dafa bangon da hannu biyu. Na tuna Kawu da shagonsa mai ƙaurin dalma, mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba, sai hawaye shar. Na hau dakalin na tsaya daidai inda na ƙiyasta Salif ke tsayawa. Na ɗauki hoto ya fi arba'in, na aika wa zaure saƙon murya na minti tara, rabinsa shessheƙa. Har wani ɓaren siminti na tsinta na ƙulle a hankici.

Zaure ya rikice. Wani dattijo ya ce ko a hoto ana jin kwarjinin wurin. Shugaba ya mayar da bangon hoton zaure. Mutum ɗaya ne kawai, wani malamin makaranta, ya tambaya, "To ina layin dogon?" Na ce an binne shi da kwalta, na ƙara da cewa hassada ga mai rabo taki ce.

Ina share majina sai na ji Hausa a bayana.

"Malam, lahiya? Mi ya same ka? Tun ɗazu muke kallonka, mun ce ko rasuwa anka yi maka."

Mai shayi ne, ɗan Tawa. Na yi masa bayani cikin tausayin jahilcinsa, har da shekaru. Ya saurara tsaf yana firfita shayi, sannan ya ce, "Wanga wuri ɗakin ajiyar kaya ne. Dakalin da ka hau, nan aka jibge albasa. Nan Sogoniko ce, tashar mota. Ta jirgi tana can cikin gari."

Ya ƙura mini ido. "Tsaya. Ba kai ne shekaranjiya da dare kuka sauka nan da wani Alhaji ba? Ka ci ƙwai huɗu wurina ka tahi ba ka biya ba."

Ashe ma na taɓa zama a kan dandamalin Salif Keita. A kansa na jira aka sauke jakunkunanmu.

Na biya kuɗin ƙwai, na ƙara da na toshiyar baki. Shi ya tare mini wata tasin ya yi wa direba bayani da Bambaranci, suka dube ni suka tuntsire da dariya. Cunkoso ya riƙe mu a gada har rana ta yi ja.

Da na isa, ba sai an faɗa mini ba. Ga ginin dutse na zamanin Faransawa, ga layin dogo shimfiɗe, ga masaukin a gefe da sunansa. Na ɗaga waya, ta yi ƙyaf ta mutu. Saƙon minti tara ya shanye ta. Na ce to bari in yi kukan ko babu shaida. Na matsa, na matsa, ko ɗigo. Duk na ƙarar wa albasa.

Wasu Turawa biyu na tarar a wurin, mace da namiji, riƙe da tsohon faifan garmaho, sun yi tsit kamar masu ziyarar kabari. Namijin ya miƙa hannu ya shafa bango a hankali, na ji kamar in ce masa ya fara tambayar mai shayi tukuna. Da bebanci na roƙe su suka ɗauke ni hoto, na rubuta musu lambata a takarda. Sai a mota, muna dab da Yamai, na tuna ban sa 234 a farkonta ba.

Daga tashar zuwa masaukinmu a ƙafa na koma. Minti goma.

Na tarar da Alhaji a kan darduma, ya cika ya yi fam.

"Kai, ina ka shiga tun safe?"

"Ziyara na je, Alhaji."

Fuskarsa ta ɗan saki. "Allah ya karɓa. Wane waliyyi ne?"

"Masu jita ne, ranka ya daɗe."

Bai sake yi mini magana ba sai a Wagadugu.

Ɓaren simintin yana nan a kan kantata, hoton zaure kuma ba a canza shi ba. Makon jiya dattijon nan mai jin kwarjini ya ce zai je Bamako bayan Sallah, in turo masa kwatance. Na ce ya tare tasi ya ce "lagar", in an tambaye shi ya ce "wi, wi", in kuma ya ga mai shayi ɗan Tawa ya gaishe mini da shi.